Windows ko Linux? Tambayoyin da aka fi yi min kan kwamfutar aiki da kuma saba

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanga tambayoyi ne da ke ta maimaituwa kullum, daga masu bizines senta na Emir Yahaya da Bello Way, da ɗaliban Danfodiyo da na Poli, har da masu makarantun kuɗi da ke son su fara jarrabawa ta kwamfuta. Na ga gara in tara su wuri guda, wanda ya sake tambaya sai in ce mishi ya zo nan ya karanta.

Oga, a taƙaice dai, wanne ya fi, Windows ko Linux?

Ba na amsa wagga tambaya sai na ji mi za ka yi da kwamfutar. Ɗauko takarda ka rubuta duk manhajojin da in babu su aikinka ya tsaya cak, ka haɗa da firinta da sikana da duk wata na'ura da kake jonawa, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ga kan wace babbar manhaja suke tafiya. Abin da takardar ta nuna shi za ka sa, ko kana son shi ko ba ka so. Kaya ke zaɓen mota, mai kai albasa Legas tirela zai nema, mai kai yara makaranta Mabera kuwa keke ya ishe shi.

A mafi yawan lokuta amsar takan fito haka: kwamfutar da mutum ke zama gabanta yana aiki Windows, saba kuwa, wato wadda ake ajewa gefe tana yi wa sauran kwamfutoci hidima, Linux. Amma akwai wuraren da abin ke juyewa, za mu zo kansu.

Ina da bizines senta, an ce min Linux kyauta ne kuma bairos ba ya kama shi. In koma?

A'a Alhaji, zauna inda kake. Kyauta ne, gaskiya anka faɗa maka, kuma bairos ɗin da ke bin filas yana mayar da fayil-fayil shotkot ba ya tasiri a kansa. Amma abincinka CorelDRAW ne da Word da Photoshop, kuma duk ukun babu wanda kamfaninsu ke fitarwa don Linux. Corel da Photoshop Windows ne da Mac kawai. Microsoft Office ma haka, sai dai na cikin burawuza wanda ke son intanet kuma bai kai cikakken ba.

Za a ce maka ai akwai madadinsu, Inkscape maimakon Corel, GIMP maimakon Photoshop, LibreOffice maimakon Word da Excel. Duk na yarda, kuma manhajoji ne masu kyau, in kai kaɗai ke aikinka daga farko har ƙarshe ba ka da matsala da su. Matsalar ita ce kai ba kai kaɗai ba ne, mutum zai shigo da filas da katin ɗaurin aure da wani ya fara mishi a Corel, ya ce a canza kwanan wata kawai da sunan masallaci yana sauri mashin na jiran shi waje, ka buɗe fayil ɗin a Inkscape, in ma ya buɗu ke nan, ka tarar rubutun ya zame ya hau kan furen da ke gefe, kalar ruwan zinaren ta koma wata iri. Aikin minti biyar ya zama na awa guda kuma kuɗin dai ɗaya ne. Haka in za ka kai fasta ko bana wurin masu babban inji, fayil ɗin Corel za su tambaye ka ko PDF.

Ga kuma ɗalibai lokacin furojet. Yaro ya shirya aikinshi a Word, babi na ɗaya zuwa na biyar, lambobin shafin farko na Romawa na baya kuma 1, 2, 3, jadawalin abin da ke ciki ya dace da kowane shafi. Ka buɗe a LibreOffice, da yake Times New Roman ba ya zuwa da Linux sai ka sa shi da kanka, sai ta musanya da wani rubutu mai kama da shi, layi ɗaya ya sauka ƙasa, tebur ya tsallaka shafi na gaba, ka buga ka ɗinke, sai ya kai wa malamin da ke duba shi a dawo da shi. Wa zai biya takarda da tawada? Kai ne.

Firinta ma abin dubawa ce. Na HP galibi suna tashi a Linux ba wahala don kamfanin na da direbobinsu da ake kira HPLIP, wasu irin kuwa musamman tsofaffin ƙanana da manyan injinan fotokwafi masu sikana, sai ka sha fama, wani lokaci ta buga amma sikana ta ƙi.

Ni gyaran waya nake yi, filashin da cire fasuwod.

Windows, ba sai mun ja magana ba. Odin na Samsung da Miracle Box da yawancin akwatuna da dongul ɗin da kuke aiki da su don Windows anka yi su, direbobinsu ma haka.

To mi ya sa in anka zo maganar saba kowa sai ya ce Linux?

Dalilin dai ɗaya ne da na sama, sai dai nan ya juya. Manhajojin da saba ke buƙata a Linux sunka fi zama, can suke girma, can ake fara gwada su. Apache da Nginx masu fitar da shafin intanet, PHP, MySQL da MariaDB da PostgreSQL masu riƙe bayanai, Docker, duk gidansu ke nan. WordPress a kansu yake zaune. Moodle da jami'o'i ke koyarwa da jarrabawa da shi haka. Koha na ɗakin karatu fakitinsa na Debian da Ubuntu ne, duka biyun irin Linux ne. DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da shi, wanda ma'aikatan lafiya a Najeriya ke shigar da alƙaluman asibitoci ciki, jagoran girka shi Ubuntu yake nunawa. Kai ko cPanel ɗin da kake gani in ka sayi hostin, a Linux kawai yake aiki, ke nan da yawanku kun daɗe kuna amfani da Linux ba ku sani ba. Wayar Android da ke hannunka ma zuciyarta Linux ce.

Wasu daga ciki suna tashi a Windows, ba a ce ba su tashi ba. Amma ranar da abu ya lalace ƙarfe biyun dare ka shiga neman mafita, kusan duk bayanin da za ka samu na wanda ke kan Ubuntu ne ko Debian, umarni ne za ka kwafa ka liƙa, kai kuma mai Windows sai ka tsaya fassara.

Sai kuma nauyi. Sabar Linux ba ta buƙatar hoto da linzami, baƙin allo ne kawai da rubutu, ram 2GB ya ishe ta ƙaramin aiki, kuma kana iya shiga ta SSH, wato hanyar ba ta umarni daga nesa, daga gida Arkilla ko kana Illela ko da netwok na rarrafe. Tana iya yin watanni ba a kashe ta ba. Babu kuɗin lasisi. Abin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991 ke nan, yau kuma tun ƙarshen 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka Linux ke cikinsu.

Yallaɓai makaranta gare ni, ina son in fara jarrabawa ta kwamfuta da duba sakamako. Mi zan sa a sabar?

Kada ka sayi komi tukun. Fara zaɓen manhajar jarrabawar, sannan ka tambayi wanda ya rubuta ta ko mai sayar maka, a rubuce ba da baki ba, kan mi take aiki. In Moodle ce ko wata da anka rubuta da PHP da MySQL, Ubuntu Server ya wadatar. In kuwa ya ce maka da .NET Framework ya yi ta, tsohon nan, tana son IIS, wato manhajar Microsoft mai fitar da shafin intanet, to Windows ne dole don shi ba ya tafiya a Linux. Sabon .NET da ya fara fita 2016 da sunan .NET Core shi yana tafiya ko'ina, SQL Server ma tun na 2017 akwai na Linux, saboda haka ka tambaya da kyau wanne ne, jin sunan Microsoft kaɗai bai isa ka yanke hukunci ba.

Kwamfutocin da yara za su zauna gabansu kuwa, in jarrabawar ta burawuza ce to komi ka sa ya yi, nan ma Linux Mint na rage maka kuɗi da ciwon kan bairos. Amma in niyyarka ka nemi amincewar hukumar jarrabawa irin su JAMB, ka samo ƙa'idojinsu na shekarar ka bi su baƙi da baƙi, nan ra'ayina ko naka ba ya aiki. Kuma duk inda na'urar ɗaukar zanen yatsa ta shigo, ka fara duba direbanta, mafi yawa Windows suke so.

Ba zan iya mayar da Windows 10 ko 11 na yau da kullum saba ba? Ga destof ɗina aje.

Kana iyawa in wurin ƙarami ne, shago ko kemis mai kwamfuta uku ko huɗu da ke raba fayil da firinta ko manhajar lissafi. Amma ka san abu biyu. Na farko Windows na tebur na da iyaka, na'ura 20 kawai yake bari su shiga fayil ɗin da ka raba a lokaci guda, na 21 zai ga saƙon ƙi, kuma lasisinsa ma bai yarda da wuce haka ba. Ɗakin kwamfuta mai kujera 40 ka ga ai ba ta yiwuwa. Na biyu shina da halin sabunta kansa ya sake tashi lokacin da ya ga dama, ka yi tunanin haka ta faru yara na tambaya ta 30. Ana iya ɗaga lokacin amma ba don wanga aiki anka gina shi ba.

Ga kuma abin da na fi gani, tunda sabar na da allo da Chrome, sai ma'aikaci ya zauna kanta yana kallon ƙwallo, wani ya soka filas, wani ya jona waya caji. Baƙin allon Linux ko ba komi yana korar masu irin wanga hali.

Yaushe ne Windows Server ya zama dole?

In ma'aikata ce mai kwamfutoci da yawa duk Windows, ana son kowa ya shiga da sunanshi da fasuwod ɗinshi a kowace kwamfuta, a hana sa manhaja barkatai, a toshe filas daga wuri guda, wanga aikin Active Directory ne kuma Windows Server ya fi kowa iya shi. Samba na Linux tun fitowar na 4 a 2012 yana iya tsayawa madadinsa, yana kuma yi, amma sai da wanda ya san shi sosai. Sai kuma in manhajar lissafinku irin su Sage 50 ko QuickBooks na tebur ko Tally ce, ko ta asibiti ko otal da mai ita ya ce Windows kawai yake tallafawa. Kada ka yi jayayya da shi, ranar da ta lalace zai ce ai ba kan abin da ya ce kunka sa ba.

Ka dai shirya aljihu. Tun na 2016 lasisin Windows Server Standard da adadin kwakwalen furosesa ake lissafa shi, mafi ƙaranci 16, bayan haka kuma kowane mutum ko na'ura da za ta shiga na buƙatar nata izini da ake kira CAL, kuma duk farashin dala yake bi.

Linux ɗin ma na ga iri-iri ne, wanne zan ɗauka?

Saba: Ubuntu Server mai LTS, wato mai dogon tallafi, ko Debian. Ubuntu na kamfanin Canonical ne da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ya fara fita 2004, kuma duk shekara biyu a watan Afrilu suna fitar da LTS mai tallafin shekara 5 kyauta, shi ya sa kake ganin 22.04 da 24.04, shekara ce da wata. Na tsakani wata tara kawai ake tallafa musu, kada ka sa su a saba. Debian ya girme shi, tun 1993, ba ya gaggawa ba ya ba da mamaki.

In kun ci karo da tsohon bayani yana cewa a sa CentOS ku wuce shi. Red Hat, wanda IBM ta saya a 2019, ya yanke CentOS 8 ƙarshen 2021, na 7 kuma ya ƙare 30 ga Yuni 2024. Magadansa su ne AlmaLinux da Rocky Linux, su za ka nema in manhajarka dangin Red Hat take so.

Tebur: Linux Mint, don wanda ya taso da Windows ba ya ɓacewa ciki. Kali kuwa da samari ke ɗorawa don a ce su hakas ne, kayan gwajin tsaro ne, ba a yi shi don aikin yau da kullum ba balle saba.

Laftof ɗina 'yar Kwatano ce, an ce Windows 10 ya ƙare, 11 kuma ya ƙi hawa. Ƙaƙa zan yi?

Awo, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ƙarin wa'adin gyaran tsaro na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Kwamfutar ba za ta mutu ba, ƙofofin da ɓarayi ke ganowa ne za a daina toshewa. Windows 11 kuma yana son TPM 2.0, wani ɗan kayan tsaro ne a cikin kwamfuta, da ram 4GB da wuri 64GB, furosesa kuma in Intel ce galibi daga zubi na 8 zuwa sama, yawancin HP da Dell da Lenovo da ke cika kasuwarmu kuwa zubi na 4 ne zuwa na 7. Masu gyara na da dabarar tsallake binciken su ɗora shi, yana kuma tashi, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba shi sabuntawa ba.

Koma ga takardarka. In aikinka burawuza ne, imel, kallon karatu, rubuta takarda, Zoom, WhatsApp na kwamfuta ta burawuza, to sa Mint, irin marar nauyi mai suna Xfce in ram ɗin kaɗan ne, ka canza tsohon diski da SSD, za ka sha mamakin gudunta. In kuwa ɗalibin injiniya ne kai mai AutoCAD, ko na jogirafi da malaminku ya ce ArcGIS Pro, wanda Windows kawai yake hawa, to zauna Windows. QGIS da R da Python kuwa suna tafiya ko'ina.

Ba a iya haɗa biyun a kwamfuta guda?

Ana iyawa, hanya huɗu ma. Ka raba diski biyu ka zaɓi wanda kake so lokacin tashi, amma ka kwashe kayanka waje kafin ka fara don kuskure ɗaya wurin rabon ya share komi. Ko ka sa VirtualBox ɗaya ya zauna cikin ɗaya, wanga sai ram ya kai 8GB zai yi daɗi. Ko WSL, wato Linux cikin Windows da Microsoft da kanta ta kawo tun 2016, shi na fi ba masu koyon rubuta manhaja shawara don Word na nan Ubuntu na nan. Ta huɗu Wine, mai ƙoƙarin tada manhajar Windows cikin Linux, ƙanana da tsofaffi sukan tashi, sabon Corel ko sabon Office kuwa kada ka ɗora sana'arka a kai.

MacBook hwa?

In kana da kuɗinta kuma aikinka bidiyo ne ko sauti ko zane, tana da kyau ƙwarai, batirinta na daɗewa wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma in za ka rubuta manhajar iPhone dole sai da ita don Xcode can kawai yake. Amma tun da sunka koma furosesarsu ta M1 a 2020 babu Boot Camp, ba ka raba diski ka sa Windows kamar da. Kayan gyaranta ma sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Legas. Maganar saba kuwa Apple da kanta ta daina macOS Server a 2022.

Malam ni almajiri ne, Larabci nake rubutawa da ajami, ga kuma Shamila.

Allah ya ƙara ilimi Malam. Rubutun Larabci daga dama zuwa hagu yana tafiya lafiya a duka biyun, LibreOffice ma ba ta da laifi a nan. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, akwai allon rubutun Hausa cikin Windows akwai cikin Linux, sai dai ka kunna. Amma Maktaba Shamila ta kwamfuta, wadda ake zuba dubban littattafai a yi bincike ba intanet, asalinta don Windows anka yi ta, kuma mafi yawan malamanmu da ita da Word suke aiki, in za ku riƙa musayar fayil mai wasali da hashiya a ƙasa gara ku zama kan abu guda. Ajami kuwa abin da ya fi muhimmanci shi ne irin rubutun da ka sa yana da haruffan da wasullan da muke buƙata, sannan in za ka tura wa wani ka mayar da shi PDF.

In aje sabar a ofis ko in kama haya a intanet?

Wa zai yi amfani da ita, daga ina? In duk cikin gini guda suke, kamar ɗakin jarrabawa ko kemis, aje ta nan, ko netwok ya ɗauke aiki bai tsaya ba. In kuwa iyaye za su duba sakamako daga gida ko kana da reshe Tambuwal da Wurno, kama haya, kuma nan ma za ka ga ta Linux ta fi ta Windows araha don babu kuɗin lasisi a kai.

Mai ajewa a ofis ya tuna garin da yake. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina, na sha buɗe destof in tarar fankar furosesa ta toshe da ƙura har ta yi tauri, mai ita na cewa bairos ne ke kashe mishi kwamfuta. A ɗaga ta daga ƙasa, a hure ta lokaci-lokaci, a sa mata UPS ko inbata da sola don ɗaukewar NEPA tana tsakar rubuta bayanai na lalata su ko Windows ne ko Linux. A shiga BIOS a kunna saitin da ke tada ta da kanta in wuta ta dawo. Bakof kuma a diski daban, a gwada maido shi a gani yana aiki.

Windows ɗin kirak da ake sa muna a kasuwa ai yana aiki, mi ye laifinsa?

Maganar haƙƙin mai abu na bar wa malamai. Ta fuskar aiki, abin da ake fasa lasisin da shi sai an kashe antibairos yake shiga, ba ka san mi ya shigo da shi ba, kuma sau da yawa ana kashe sabuntawa gaba ɗaya. WannaCry da ya kulle kwamfutoci a duniya watan Mayun 2017, har asibitocin Ingila, ta ƙofar da Microsoft ta riga ta toshe tun watan Maris ya bi, waɗanda ba su sabunta ba ya kama. Sabar da ke riƙe sakamakon yara ko bayanan marasa lafiya ko lissafin kuɗi kam ban yarda a sa mata kirak ba. Yawancin laftof na Kwatano ma da lasisinsu suke zuwa a cikin bod ɗin kwamfutar, in an ɗora irin wanda ya dace, Home ko Pro, da kansa yake kunnuwa.

In wanda ya sa min Linux ya tafi bautar ƙasa ko ya koma Abuja, wa zai gyara?

Wagga ita ce tambayar da ya kamata mai makaranta ko mai asibiti ya yi kafin a fara. Mai fomatin Windows ko wace kwana akwai shi, wanda zai shiga sabar Ubuntu ya gano mi ya hana MySQL tashi kuwa ba su da yawa, kodayake yaran da ke fitowa daga sashen kwamfuta yanzu sun fara iyawa. Kafin ka biya cikon kuɗi ya rubuta maka fasuwod na rut, wato babban asusun da ke iko da sabar, da na ma'ajiyar bayanai, da sunan abin da ya sa da lambarsa, da inda bakof ke zuwa, a takarda, ka sa a durowa mai makulli. Hostin da sunan shafi kuma da imel ɗinka da lambar wayarka za a yi rajistarsu, kada a yi da nashi. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya cikin ma'aikatanka ya zauna kusa da shi ya koyi kunnawa da kashewa da sabuntawa da ɗaukar bakof, ya yi da hannunshi a gabanka kafin wancan ya tafi.